Dankure, Maginin da Ya Ƙi Buɗe Rufi da Damina

Da an sallame sallar asuba, kowa ya kama hanyar gida, shi Dankure sai ya bi ta bayan masallaci ya gangara Soron Baiwa. Ba ya riƙe komai sai guntuwar sanda da tsohuwar wuƙa wadda ta daina yanka. Zai zagaye ginin yana ƙwanƙwasa bango da kan sandar, yana kara kunne. Inda ya ji sautin ya cika, ya wuce. Inda ya ji kamar akwai kogo a ciki, ya tsaya ya karce da wuƙa ya ga ko gara ce ta shiga. Daga nan ya jingina tsani ya hau sama, ya bi indararo ɗaya bayan ɗaya yana fitar da ganye da sheƙar tsuntsu, don ruwan sama ya sami hanyar sauka. Kafin masu koko su fito ya gama. Shekara arba'in da 'yan kai yana wannan, ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya taɓa tsayawa ya tambaye shi ko ya karya kumallo.

Bana gwiwoyi sun ƙi. Ya miƙa tsanin ga Usmanu, ɗan ƙanensa, wanda shi ma furfura ta fara fito masa. Shi ya sa na ga ya kamata a faɗi abin da wannan dattijo ya yi mana tun yana iya jin ana karanta masa.

Ga wanda bai san Birnin Kebbi ba, Soron Baiwa ɗaki ne guda babba na ƙasa a unguwarmu. Rufinsa bakan gizo huɗu ne suka tashi daga bango suka haɗu a tsakiya kamar an sarƙe yatsu, babu ginshiƙi ko ɗaya a ciki. Kakan Dankure ne ya gina wa wata malama mai suna Baiwa, wadda take karantar da matan aure. Da ta rasu ba ta bar magaji ba, soron ya zama na unguwa. Yanzu da safe 'yan mata ƙanana sama da talatin ke karatu a ciki, cikinsu har da ɗiyata Kulsumi. Da la'asar matan aure ke ajin yaƙi da jahilci. Ranar Alhamis kuma Goggo Sadatu, unguwarzomarmu, ke rataya ma'auninta ta auna jarirai. Duk gidan da ke unguwar nan yana da wanda ke zama ƙarƙashin rufin nan.

A farkon shekarar da aka sami mulkin kai, wata safiya sandar Dankure ta ba shi amsar da ba ya so. Ya hau ya tona bakan gizon gabas, ya tarar gara ta cinye azara biyu daga cikin itatuwan giginyar da ke ɗauke da rufin. Ya zura hannu ya ɗebo gari kamar dussa. Ya sauko bai gaya wa kowa ba sai Malam Abdussamadu, malamin ajin yaƙi da jahilci, don shi ne mai rubuta wa unguwa wasiƙu. Gyaran ba ƙarami ba ne. Sai an buɗe rufin ɓangaren nan gaba ɗaya an sa dogayen azara, irin waɗanda ba a samu kusa, kuma ƙarfin unguwa bai kai ba.

Ana cikin haka Malam Abdussamadu ya ga sanarwa a jarida. Wani ofishi a Kaduna ya ce zai taimaka da kuɗi a gyara tsofaffin gine-gine albarkacin mulkin kai, kuma za a buga littafi mai hotunansu da tarihinsu. Abin da ake so kawai a aiko da awon ginin da labarin wanda ya gina shi. Kwana uku su biyu suna awo. Dankure yana ja da igiyarsa mai ƙulli a kowane kamu, Malam yana binsa da rula yana mayarwa ƙafa da inci.

"Malam, wagga sandar taka ta ƙanƙance," in ji Dankure. "Ka auna soro da ita, sai ka ce mai auna gulbi da ludayi."

"Baba, su can ba su san kamunka ba."

"To su zo su gani mana, hannun yana nan ban kai shi ko'ina ba."

Aka aika takarda a watan Maris. Dankure ya lissafa da yatsu, ya ce in amsa ta zo kafin ruwa, sati shida ya ishe shi. Amsa ba ta zo ba sai ƙarshen Yuli, gero ya kai ƙugu, fadama ta cika. An amince. Sai dai akwai sharaɗi: a gama aiki kafin ƙarshen Satumba, mai hoto zai zo ya ɗauka don littafin. In ba a gama ba, kuɗin su koma.

Aka taru a zauren Alhaji Ɗanmusa bayan la'asar. Shi ne shugaban kwamitin unguwa, ɗan kasuwar shinkafa, kuma taubashin Dankure ne, tun suna yara ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba. Malam ya karanta wasiƙa, zaure ya ɗauki hamdala. Alhaji ya juya yana murmushi.

"To, tsoho, Allah ya kawo ka littahi. Gobe sai a hwara."

"Ba ni buɗe shi."

"Mi kac ce?"

"Nic ce ba ni buɗe rufi ruwa na sama. Sai rani."

"Rani! Takarda ta ce Satumba, kai kana ce rani. Mulkin kan za a ɗaga maka sai ka shirya?"

"A yi mulkin kai, Alhaji, ban hana ba. Amma wanda yar rubuta wagga takarda bai taɓa kwaɓa ƙasa ba. In na buɗe yau, ruwa ya shiga bango ta kai. In na rufe da ɗanyar ƙasa, ba ta bushewa, nauyinta biyu ne. Waje ya yi kyau, ciki yana ruɓewa."

"A ja zana a rufe mana!"

"Zana? Kai da ko rumbunka ba ka iya rufewa sai na zo?"

Aka yi dariya, amma gajeriya. Wani ya ce Dankure tsufa ne ya sa shi tsoro. Wani ya ce so yake a ƙara masa lada. Goggo Sadatu tana tsaye daga bakin ƙofa, don ita shekarunta sun ba ta izinin sa baki a zaure. Ta bari hayaniya ta kwanta, sannan ta ce:

"Dankure, tambaya biyu gare ni. In ba a buɗe ba, yana kai mu kaka?"

"In kunka bar ni na tokare shi, yana kaiwa, da yardar Allah."

"In anka buɗe hwa?"

"Wannan ba ni ɗaukar miki alkawari, Goggo."

Ta gyara mayafinta ta dubi mazan. "To kun ji. Mu dai ɗiyanmu ka zama ƙarƙashinai."

Alhaji Ɗanmusa ba mugun mutum ba ne. Ya ga dama ta zo unguwarsa wadda ba lalle ta sake zuwa ba, ya ga kuma za ta wuce saboda mutum ɗaya. Sai ya aika aka kira wani magini mai suna Tamba daga wata unguwa, ƙaƙƙarfa, mai hanzarin aiki. Tamba ya zo ya zagaye soron, ya tambayi wanda ya gina. Da aka ce kakan Dankure ne, sai ya cire hannu daga bango. Magina suna da ƙa'idarsu: ba ka jingina tsani a ginin da gidan wani ya yi sai mai gidan ya ce ka hau. Tamba ya tafi har gida ya durƙusa ya gaida Dankure, ya nemi izini. Ya ce, "Baba, ka ce in hau kawai. In ya yi kyau sunanka ne, in ya ɓaci nawa ne." Dankure ya sa aka kawo masa fura, ya tambaye shi lafiyar iyali, ya raka shi har bakin hanya. Izini dai bai bayar ba.

Da haka duk nauyin ya koma kansa shi kaɗai. Kalma ɗaya ake nema a bakinsa, kowa ya sani, shi ma ya sani.

Abin da ya yi maimakon haka shi ne ya shiga daji da Usmanu suka saro gwafa shida, suka kafa su a cikin soron suka tokare bakan gizon gabas. Ya toshe tsagar sama da tsohuwar ƙasa busasshiya, ya shafe da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ke hana ruwa shiga yaɓe. Ya ja layi a ƙasa da gawayi, ya ce wa malamar yara kada a shimfiɗa tabarma a gabas da layin. Duk ranar da aka yi ruwa, kafin yara su zo, yana ciki yana duba gindin kowace gwafa.

Mai hoto ya zo tsakiyar Satumba cikin motar ofis. Ya leƙa ya ga itatuwa shida tsaye tsakiyar ɗaki kamar garken da aka kafa wa turaku, ya ga bango ba farar ƙasa. Bai ko buɗe akwatinsa ba. Ya ce cikin ladabi ba zai iya sa wannan a littafin murnar mulkin kai ba. Kuɗin suka koma inda suka fito.

Ranar ɗaya ga Oktoba gari ya cika da kiɗa, yara suna yawo da 'yan tutoci. Dankure ya fito masallaci wani ya ɗaga murya ya ce, "Ga wanda yak kori arziki!" Gidaje uku da suka yi masa alkawarin aikin rani suka ba wasu. A kasuwa in ya tsaya wurin mai goro, hira ta mutu sai ya wuce. Ni kaina, ba zan ɓoye ba, na ji haushinsa kwana biyu, don na so in ga soron da ɗiyata ke karatu a cikin littafi.

Kai ne ka sha wannan duka, Baba Dankure, ba ka je zauren kowa ka kare kanka ba. Kai ne aka yi wa tayin a raba ka da laifi, a ce wani ne ya hau, ka ga cewa in rufi ya sauko ba zai tambayi wa ya hau ba. Kai ne ka zaɓi a zage ka wata uku da ka ce "to" sau ɗaya.

A Argungu akwai wani tsohon zaure a unguwar masunta, inda suke zama su gyara taru. Su ma sun sami wannan taimako da wannan sharaɗi. Su sun buɗe a watan Agusta, suka yi ta tseren ruwa, suka rufe, suka shafa farar ƙasa, aka ɗauki hoto. Ruwan ƙarshe na Oktoba, wanda ake yi ana shirin yankan shinkafa, shi ya sauko da rufin. Allah ya taƙaita, da rana ne kowa yana gulbi, ba a rasa rai ba. Labari ya iso Birnin Kebbi da masu kifi ranar kasuwa.

Mutane suka zuba ido su ji abin da Dankure zai ce. Washegari ya ɗauki sandarsa ya shiga motar kasuwa zuwa Argungu. Ya tarar da Hodi, dattijon masuntan, zaune kan tarin ƙasa, hannu a haɓa. Kakan Hodi ne ya sa aka gina zauren, a cikinsa aka raɗa masa suna. Dankure ya yi masa jaje, ya tuɓe riga ya shiga cikin masu tono. Kwana biyu yana zaro azara yana ƙwanƙwasawa, masu kyau dama, ruɓaɓɓu hagu. A rana ta biyu Hodi ya ce masa:

"Mun ji labarinka nan. An ce kai ka ƙi."

"Na ƙi."

"To ka zo ka ga masu wayo."

"Na zo in ga azara, Hodi. Waɗanga sun fi shekara tamanin, gara ba ta taɓa su ba. Kada ku bari mata su hura wuta da su."

Hodi ya daɗe yana kallon itatuwan. "Mu ba mu da ƙarfin tada shi kuma. Bangon ma ya tafi. An ce naku soron na ɗiya ne?"

"Na ɗiya ne da masu jego."

"Ɗauki. Gara su ɗauki rufi a Birni da su dafa kifi a nan. Amma ka gaya wa mutanenku, mu Kabawan Argungu ka riƙe musu sama."

Gulbi bai janye ba tukuna. Masunta suka haɗa jirage biyu suka ɗaure gefe da gefe, aka shimfiɗa azara goma sha ɗaya a kai. Suka biyo ruwa, suka ratsa fadamar Zauro ana ta yankan shinkafa, masu lauje suna miƙewa suna kallon tsoho zaune kan itace tsakiyar ruwa. Da suka iso mashaya, jakunan Alhaji Ɗanmusa ne ke jira. Shi da kansa yana tsaye, ya ce, "Ba don kai ba ne, tsoho, jakunan ne ba su da aiki." Dankure ya ce, "Na sani, sun yi gadon mai su."

Aka yi aikin da rani, yadda ya ce, sati shida. An ɗebo ƙasa daga kududdufin da kakansa ya ɗeba, aka kwaɓa da ciyawa aka bar ta ta kwana bakwai kafin a taɓa. Matan ajin la'asar suka ɗauki nauyin tuwon ma'aikata gida gida. Da aka rufe, ya hana kowa shiga har ƙasa ta bushe ta yi fari.

Sai ranar cire gwafa. A gidansu Dankure akwai al'ada: ranar da za a cire abin da ya tokare rufi, maginin da ya ɗaura shi ne zai zauna ƙarƙashinsa, shi kaɗai, a tsakiya. Ya shigo da buzunsa ya shimfiɗa daidai inda bakan gizo huɗu suka haɗu, ya zauna ya miƙe ƙafa. An ɗaura igiya a gindin kowace gwafa, Usmanu da mutanensa suna ja daga waje. Mu iyaye muna tsaye nesa, kowace ta riƙe hannun ɗiyarta. Alhaji ya ce, "Dankure, fito, mun yarda!" Ya amsa daga ciki, "Ba ku nike nema ku yarda ba. Usmanu, ja."

Ta farko ta faɗi. Ta biyu. A ta huɗu wani ɗan ɓarɓashin ƙasa ya zubo masa a hula, Goggo Sadatu ta kama salati. Ya kakkaɓe hular ya mayar. Ta shida ta faɗi, ƙura ta tashi ta kwanta. Ya zauna nan har aka kira azahar, ya yi sallarsa a wurin, sannan ya fito bakin ƙofa ya ce, "A shigo da ɗiya."

Littafin ya fito bayan shekara. Malam Abdussamadu ya samo ɗaya ya kawo masa. Babu Soron Baiwa a ciki, babu sunan Dankure. A wani shafi ga zauren masuntan Argungu, fari fat, tsaye da kyaunsa. Malam ya ɗauka zai yi tsaki. Sai Dankure ya riƙe shafin kusa da ido ya daɗe yana bin bakan ƙofar da yatsa. Ya ce, "Aikin ƙwarai ne wanga. Malam, a kai wa Hodi. Shi kaɗai yar rage mishi." Daga ranar ya daina raina takarda. Da kansa ya sa Malam ya rubuta wa ofishin nan wasiƙa, ba ta ƙorafi ba, ya bayyana musu a wane wata ake taɓa ginin ƙasa, a wane wata ba a taɓawa, da dalili. Ban san ko wasiƙarsa ce ta yi aiki ba, amma sanarwar da suka fitar bara ta bar wa masu nema su faɗi watan da za su fara. Sun kuma ce suna neman rubutu a kan yadda ake gini, daga bakin magina, za su buga.

Yanzu kowace Asabar Malam yana zuwa da littafinsa, Dankure yana faɗa yana rubutawa. Sun kai babin makuba. Ana yi ana faɗa, don tsohon ba ya yarda a rubuta abu sai an karanta masa sau biyu.

Ga roƙona ga masu karatu. In akwai tsohon gini a garinku, ku nemi taimakon nan, halal ɗinku ne, amma kafin ku ɗauki alƙalami ku je ku tambayi maginin da ya san ginin, ku rubuta watan da ya faɗa. In kuna da tsoho irin namu, ku ɗauki takarda ku zauna gabansa tun yana iya magana, ku aika a buga da sunansa a kai. Ku kuma magina matasa, in aka matsa muku ku yi abin da kun san zai faɗo kan mutane, ku tuna akwai wanda ya ce a'a, aka ƙaurace masa, bai mutu ba.

Baba Dankure, mun gode. Allah ya saka maka, ya sassauta maka gwiwoyin nan, ya sa Usmanu ya gaji kunnenka. Damina uku ke nan rufinka yana kan 'ya'yanmu. Shekaranjiya da hantsi hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, Kulsumi tana soro, ni ina bakin turmi. Na ɗaga kai na dube shi, na kwashe shanya, na koma na ci gaba da dakana.